Laya A Madubi, Tsatsa A Farfela: Raddi Ga Masu Fakewa Da Ƙaddara

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da ƙarfe, Ya sanya ƙarfi da amfani a cikinsa domin mutane, kuma Ya hore wa bayinSa ababen hawa a tudu da kogi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon da ya umurci mai raƙumi da ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, mai yiwuwa ne ka yi mamakin ganin sunan wani ƙarfen mota a shafin da ka saba karanta bayanin tauhidi da sunna. To, ka yi haƙuri ka bi mu zuwa ƙarshe, domin aƙida ce ta kai mu ƙarƙashin mota. Akwai wata gurɓatacciyar fahimta game da ƙaddara da tawakkali wadda ta daɗe tana cin rayukan Musulmi a ƙasar nan, kuma a yau babu inda take bayyana ƙarara kamar a gareji da kan kwalta.

A 'yan shekarun nan samarin biranenmu sun raja'a a kan tsofaffin motocin Jamus masu gudu, irin su BMW ƙirar E30 wadda aka ƙera daga 1982 zuwa 1994, da magajiyarta E36 ta shekarun 1990, da Mercedes-Benz 190 wadda aka ƙera daga 1982 zuwa 1993. Ƙaramar cikinsu ta kai shekara 25 a duniya. Sai ka ga saurayi ya zuba dukiya a fenti da gilashi mai duhu da salansa mai ruri, har ya tumɓuke injin asali ya ɗora wanda ya fi shi ƙarfi, amma ƙarfen da zai ɗauki wannan ƙarfi ya kai wa tayoyin baya, watau farfela, tana nan yadda ta baro Jamus, ko kuma an datse ta an liƙe da walda a bakin hanya. A jikin madubi kuwa ga laya tana reto. Idan ka ce masa motar nan tana girgiza, sai ya yi murmushi ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ranar da abin ya auku kuma, sai a taru a zaman makoki a ce ƙaddara ta riga fata, a watse, babu mai tambayar wane ne ya yi waldar. Wannan maƙala raddi ce ga wannan magana, da kuma waɗanda suke cin abinci da ita.

MECE CE FARFELA?

Malaman usulu sun koyar da mu cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an fahimci siffarsa, saboda haka bari mu fara da siffar. A motocin da tayoyin baya ke ja, inji da giyabos suna gaba, aksil ɗin da ke juya tayoyi yana baya. Abin da ya sada su wani dogon bututun ƙarfe ne da ke kwance a ƙarƙashin mota, tsakanin kujerar direba da ta abokin zamansa. Duk ƙarfin da inji ya samar ta cikinsa yake bi. A giya ta ɗaya, giyabos yana ninka ƙarfin murɗar inji kusan sau huɗu kafin ya miƙa wa farfela, shi ya sa fizgar tashi da samari ke yi don tayoyi su yi ƙara ita ce ta fi gallaza mata.

Ga ɗan lissafi wanda ɗalibin sakandare zai iya bi. Zagayen tayar irin waɗannan motoci kimanin mita 1.9 ne. A gudun kilomita 120 a awa, taya tana juyawa kusan sau 1,050 a minti. Idan aksil ɗin yana buƙatar juyin farfela 3.7 kafin taya ta juya sau ɗaya, to farfela tana juyawa kusan sau 3,900 a minti, watau sau 65 a kowace daƙiƙa. Idan ɗigon walda mai nauyin giram 30 ya zauna a gefe guda, santimita 3 daga tsakiyar bututun, a wannan gudu yana fizgar farfela da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 15, yana zagayawa da ita sau 65 a daƙiƙa. In aka ninka gudu kuma, fizgar ninki huɗu take yi. Wannan ita ce girgizar da mai mota yake ji a kujerarsa ya ce ai tsufa ne.

Haka nan, dogon ƙarfe idan ya kai wani mizani na juyi yakan fara lanƙwasa yana wulwulawa kamar igiyar da yara ke tsalle a kanta, kuma in aka ninka tsawonsa, mizanin yana sauka zuwa rubu'i. Saboda haka ne maƙeran waɗannan motoci suka raba farfela gida biyu, suka rataye tsakiyarta da boris a cikin roba, wanda kanikawa ke kira santa boris, suka sanya faifan roba a bakin giyabos don ya shanye fizga, sannan suka sanya gaɓoɓi masu siffar gicciye da ake kira kuros. Shi kuros, idan yana aiki a karkace, yakan sa juyi ya ƙara sauri ya rage sau biyu a kowane zagaye, kuma kuros na biyu ne ke share wannan, da sharaɗin kunnuwansu su kasance a kan layi ɗaya.

Da yawa daga cikin manyan kanikawanmu sun koyi aiki ne a kan Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Farfelar wannan mota tana ɓoye ne a cikin wani bututu na biyu da ke tsare ta. Ta motocin Jamus ɗin nan kuwa a tsirara take. Idan ta tsinke ta gaba ana cikin gudu, bakinta na iya cakar kwalta ya ɗaga bayan mota. Idan ta tsinke ta baya, sai ta yi ta dukan duk abin da ke kusa da ita, kuma a BMW tankin mai yana ƙarƙashin kujerar baya, daidai inda take ratsawa. Ga shi kuwa da wuya ta tsinke ba ta yi gargaɗi ba: girgizar da ke ƙaruwa da gudu, da bugun da ake ji idan an sa giya ko an ɗaga ƙafa daga totur, da duka a ƙarƙashin sandar giya lokacin tashi, da tsagewar faifan roba har zarensa ya fito. Duk wanda ya ji waɗannan ya ci gaba da taka totur, to ya ji bari, hoho kawai yake jira.

GYARAN GASKIYA DA GYARAN GANIN IDO

Idan aka sauya inji ko giyabos, sau da yawa tsawon da ke tsakanin giyabos da aksil yakan canza, sai ya zama dole a rage farfela ko a ƙara ta ko a nemo wata. A nan ne ake tafka ta'asa. Sai a ɗauko zarto a datse, a samo guntun bututun famfo a zura, a auna da ido, a yi walda a ƙasa, kunnuwan kuros wannan ya kalli gabas wancan ya kalli kudu, a mayar da tsofaffin notuna, inda ɗaya ya ɓata a cike gurbinsa da kowane irin noti aka tsinta a aljihu. Sai a shafe wurin da baƙin fenti, a karɓi kuɗi, a ce wa mai mota Allah Ya tsare hanya.

Gyaran gaskiya kuwa sananne ne ga duk wanda ya karanta littafin motar. Ana yi wa rabin farfela biyu alama kafin a raba su, domin tare aka daidaita nauyinsu a masana'anta, kuma dole su koma yadda suke. Ana awon tsawo ne mota tana tsaye a kan tayoyinta. Ana yanka a kan injin sassaƙa ƙarfe, da bututun da aka yi don wannan aiki, a gwada miƙewarsa da ma'auni, sannan a ɗora farfelar gaba ɗaya a kan injin daidaita nauyi, wanda ke nuna inda za a liƙa ƙananan faranti don girgiza ta mutu. Ana sanya sabon faifan roba, kibiyoyin da ke jikinsa suna kallon hannuwan da aka tanada musu, da ƙusoshi masu lamba 10.9 a kansu, da sababbin notuna masu kulle kansu, a ɗaure da sifana mai awo daidai yadda littafi ya faɗa. Kuros ɗin farfelar BMW kuwa a daddale aka kafa shi, ba a yi shi don a fitar da guduma da kurfi ba. Ko dai a kai wa masu injin da ya dace, ko a sauya farfelar ɗungurungum.

Wanda kuma ya ƙara wa inji ƙarfi, to wajibi ne ya ƙara wa farfela ƙarfi gwargwadon haka. Akwai masu sayen farfela guda ɗaya ta alminiyam ko ta zaren kabon a madadin mai gida biyu. Wannan babu laifi, muddin kaurinta ya dace da tsawonta, kuma wanda ya ƙera ta ya bayyana iyakar juyin da za ta iya ɗauka, domin mun riga mun ga abin da tsawo ke haifarwa. Hukumar tseren motoci ta Amurka mai suna NHRA tana wajabta wa motocin da suka kai wani mataki na gudu su sanya zoben ƙarfe da ke kewaye farfela, bai wuce inci 6 daga kuros na gaba ba, don ya tare ta idan ta tsinke. Subhanallah! Mutanen da ba su karanta Suratul Baƙara ba sun wajabta wa kansu zoben ƙarfe saboda tsare rai, mu kuwa da aka saukar mana da aya ta 195 a cikinta, wadda ta hana mu jefa kanmu cikin halaka kuma ta umurce mu da kyautatawa, mun wadatu da ƙullin fata a jikin madubi.

KANIKI DA ƊAN KASUWA A MA'AUNIN SHARI'A

Babu shakka a cikin kanikawa da masu sayar da kayan gyara, tun daga Ƙofar Ruwa a Kano har zuwa Fanteka a Kaduna, akwai masu tsoron Allah waɗanda za su gaya maka gaskiya ko da za su rasa ciniki. Da su muke alfahari, kuma sana'arsu sana'ar Annabawa ce. Allah Ya tausasa wa Annabi Dawuda (A.S.) ƙarfe, Ya umurce shi a Suratu Saba'i, aya ta 10 da 11, da ya ƙera cikakkun sulke kuma ya auna zobban saƙarsu daidai. Abin lura ga mai hankali shi ne, kalmar da aka yi wannan umurni na awo da ita asalinta ɗaya ne a Larabci da kalmar ƙaddara. Kalmar da ragwaye suka mayar mafakar sakaci, da tushenta aka umurci Annabi maƙeri ya yi awo.

Maganarmu da ɗaya ɓangaren ne. Wanda ya wanke tsohuwar farfela mai gajiyayyen kuros, ya cusa mata giris mai kauri don kada a ji motsinta, ya yi mata fenti ya ce yanzu aka sauke ta daga jirgi, wannan algus ne, irin wanda Manzon Allah (S.A.W.) ya kama a kasuwa lokacin da ya zura hannunsa a tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya kuma barranta daga mai aikata shi, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.). Mai abincin nan bai sa ran kowa cikin haɗari ba, duk da haka ya sami wannan tsawa. To, ina ga wanda ya ɓoye aibin ƙarfen da zai juya sau 65 a daƙiƙa a ƙarƙashin mata da yara? Mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya idan aibin ya bayyana, kuma rubuta cewa ba a mayar da kayan da aka saya ba ya halatta abin da aka ɓoye da gangan.

Shi kuwa kaniki, mazhabar Imamu Malik da muke karantawa tun a zaure ta yi bayani a kansa. A cikin Mudawwana akwai babi sukutum a kan lamunin masu sana'a, kuma Ibnu Abi Zaidin ya kawo hukuncin a Risala: mai sana'ar da ya kafa kansa don yi wa jama'a aiki yana lamunin abin da aka damƙa masa. Imamu Shaɗibi ya kawo wannan a matsayin misalin hukuncin da aka gina a kan maslahar jama'a, domin in ba a lamuntar da su ba, dukiyar mutane za ta salwanta. Haka nan Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito cewa wanda ya shiga aikin likita alhali ba a san shi da sanin likitanci ba, to shi ne mai lamunin ɓarnar da ta biyo baya. Mai waldar ƙofa da taga da ya karɓi aikin farfela, alhali ba shi da injin daidaita nauyi kuma bai san ana yi ba, ya duba kansa a madubin wannan hadisi. Cewa ban iya ba rabin ilmi ne, kuma ba ta taɓa rage wa kowa arziki ba.

Idan har aka rasa rai, magana ta bar babin ciniki ta koma babin jini. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na 8 da ta yi a Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya, har da waɗanda suka shafi lafiyar kayan mota, wajibi ne a Shari'a, kuma haɗarin mota yana ƙarƙashin hukunce-hukuncen laifukan jini, mafi yawansa a babin kuskure, kuma wanda ya zama sababi yana lamuni idan ya yi ta'addi ko sakaci. Hukuncin kisan kuskure yana nan a Suratun Nisa'i, aya ta 92: diyya ga iyalan mamaci, da kaffara, wadda a yau ta koma azumin wata biyu a jere. Mutum nawa ne a garuruwanmu suke yawo da wannan bashi a wuyansu, an rufe musu shi da kalmar ƙaddara?

SHUBUHOHI DA AMSOSHINSU

Shubuha ta farko: suna cewa abin da Allah Ya rubuta babu makawa sai ya auku, ko an gyara ko ba a gyara ba. Sai mu ce, imani da ƙaddara rukuni ne daga rukunan imani shida, wanda ya musa shi ya fita daga Musulunci. Amma kafa hujja da ita a kan laifin da mutum ya aikata da zaɓinsa hanya ce ta mushirikai, kuma Allah Ya ƙaryata su a kanta a Suratul An'ami, aya ta 148, da Suratun Nahli, aya ta 35. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Umar ɗan Haɗɗabi (R.A.) ya nufi Sham, da ya isa Sargu aka gaya masa annoba ta ɓarke, sai ya yi shawara ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida (R.A.) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ga ƙaddarar Allah, ya buga masa misali da mai raƙuma a kwari mai gefe biyu, ɗaya mai ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk inda ya kora su da ƙaddarar Allah ya kora. To, farfela mai kyau ƙaddara ce, ruɓaɓɓiya ma ƙaddara ce, kuma za a tambaye ka wacce ka zaɓa.

Dubi kuma jerin da Manzon Allah (S.A.W.) ya yi a hadisin mumini mai ƙarfi da Muslim ya ruwaito. Ya fara da kwaɗayin abin da zai amfane ka, sannan neman taimakon Allah, sannan hani daga gajiyawa, sai bayan duk wannan ne ya koyar da cewa idan musiba ta same ka ka mayar da al'amari ga ƙaddara. Mutanenmu sun ɗauko ƙarshen hadisin sun kai farko, sun zubar da sauran. Shi da kansa (S.A.W.), shugaban masu tawakkali, ya sanya sulke biyu ranar Uhudu, kuma a lokacin Hijira ya ɗauki ɗan jagora da lada, ya ɓuya a kogon Sauru kwana uku. Wasu mutanen Yaman sun kasance suna zuwa Hajji babu guzuri suna cewa su masu tawakkali ne, sai aya ta 197 ta Suratul Baƙara ta sauka da umurnin yin guzuri, kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas (R.A.). Abin mamaki, wannan mai kafa hujja da ƙaddara ba ya barin motarsa a buɗe a bakin kasuwa ya ce in an rubuta za a sace. A nan ya san sababi. Sai a kan ran fasinja ne yake zama waliyyi.

Shubuha ta biyu: suna cewa an ba su tsari, akwai laya a madubi, akwai wata a ƙarƙashin kujera, wasu ma har da ta ɓacewa idan mota za ta kife. Wannan ita ce mafi muni, domin ta farko ɓarna ce a fahimta, wannan kuwa ɓarna ce a tauhidi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Bashir Al-Ansari (R.A.) cewa a wata tafiya Manzon Allah (S.A.W.) ya aika ɗan saƙo da umurnin a tsinke duk wani rataye na tsirkiya da ke wuyan raƙuma, kuma Imamu Malik ya fassara a Muwaɗɗa cewa saboda kambun baka ake rataya su. Abin hawan wancan zamani raƙumi ne, na yau mota ce, wuyanta kuwa shi ne madubi. Imamu Ahmad ya ruwaito daga Uƙbatu ɗan Amir (R.A.) cewa rataya laya shirka ne. Gaskiya ne magabata sun yi saɓani a kan wadda aka rubuta da Alƙur'ani zalla, Ibnu Mas'ud (R.A.) da almajiransa suna cikin masu hanawa. Amma hatimi mai lambobi da sunayen da ba a san ma'anarsu ba, da ƙaho da gashin dabba, wannan babu malamin sunna da ya halatta shi. Mu tambayi malamin tsibbun da ya sayar da layar: idan ta yi aiki, me ya sa shi kansa yake tambayar lafiyar mota kafin ya shiga a tasha? Ya karɓe kuɗin da ya kamata a sayi faifan roba da su, ya bar mai mota da shirka a sama da tsatsa a ƙasa. Sunna ita ce addu'ar hawa da ke Suratuz Zukhrufi, aya ta 13 da 14, a bakin mutumin da ya riga ya duba motarsa.

Shubuha ta uku: suna cewa kaya sun yi tsada, talaka ba zai iya gyaran littafi ba. Lalle tsada gaskiya ce, kuma muna tausaya wa direban haya da ke neman abin kai wa iyali. Amma wanda ya iya sayen inji na biyu da salansa mai ruri ba talauci ne ya hana shi gyaran farfela ba. Fenti ana gani, farfela ba a gani, shi kuwa don idon mutane ya sayi motar. Wanda kuma da gaske ba shi da hali, to ajiye motar har ya samu shi ne wajibinsa, domin Shari'a ba ta halatta wa kowa ya rage kashe kuɗi da jinin maƙwabcinsa ba. Manzon Allah (S.A.W.) ya umurci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya kama tsininsu don kada ya ji wa wani Musulmi rauni, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim daga Abu Musa (R.A.). Idan wannan ne hukuncin kibiya a hannun mai tafiya a ƙasa, mene ne hukuncin wasan mota da ake yi a bukukuwan aure, ana juya ta a tsakiyar taro, yara suna kewaye, da farfelar da aka liƙe da walda? Wannan haramun ne ko da motar sabuwa ce, saboda ganganci da rayuka da almubazzaranci da dukiya. Mallakar mota mai ƙarfi halal ne, ƙara mata inganci halal ne, amma titin jama'a ba filin gwajin kowa ba ne.

Shubuha ta huɗu: wasu daga cikin 'yan'uwa za su ce wannan sha'anin duniya ne, malamai su tsaya a kan salla da azumi. Wannan ita ce maganar masu raba addini da rayuwa, ko da an yi ta da rawani. Tsare rai yana cikin manyan manufofi biyar da Shari'a ta zo don kiyaye su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara. Magabatanmu ba su ɗauki wannan fage a matsayin abin ƙyama ba. Muhtasibi a biranen Musulunci yana duba aikin maƙera kamar yadda yake duba mudun 'yan hatsi. Injiniyan nan Musulmi, Al-Jazari, wanda ya kammala littafinsa na na'urori a 1206, ya yi bayanin daidaita nauyin ƙafafun na'ura tun ƙarni takwas da suka wuce. Abin kunya ne a ce jikokin wannan al'umma suna auna farfela da ido, sannan su ɗora wa aljanun hanya laifi. An bar jaki ana dukan taiki.

KIRA

Ya kai mai mota, ka shiga rami tare da kanikinka ka ga ƙarƙashin motarka da idonka. Ka fara kashe kuɗi a farfela da burki da taya kafin fenti. Ka tambayi inda aka daidaita nauyinta, in babu amsa kada ka hau. Ka tsinke abin da ke reto a madubi, ka tuba zuwa ga Allah, ka koyi addu'ar hawa.

Ya kai kaniki, ka sani duk notin da ka ɗaure amana ce, kuma wanda ba ya barci yana ganin abin da ka rufe da baƙin fenti. Aikin da ya fi ƙarfin kayan aikinka ka tura shi gaba. Idan mai mota ya matsa maka a kan gyaran araha mai haɗari, ka ƙi, domin yardarsa ba za ta wanke ka daga jinin wanda bai yarda ba. Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin kanikawa, ku haɗa kuɗi ku sayi injin daidaita nauyi ko da guda ɗaya ne a kowane babban gareji, ku kuma hana yaran da ba a yaye ba taɓa irin wannan aiki.

Ya ku limamai da masu wa'azi, ku shigar da haƙƙin hanya da lamunin masu sana'a cikin huɗubobinku da darussanku. Idan kun je ta'aziyya ku yi wa iyalan mamaci nasiha da haƙuri da yarda da hukuncin Allah, domin wannan shi ne muhallin ambaton ƙaddara. Amma ku keɓe wanda ya yi sakaci ku gaya masa abin da ke kansa na diyya da kaffara, tun kafin ranar da babu dinari babu dirhami.

Muna roƙon Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata, Ya tsare Musulmi a hanyoyinsu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya tsarkake zukatanmu daga dogaro ga waninSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.